Wa Ya Sace Numfashin Mai Jego?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, in ka isa ka warware shi kafin mu kai ƙarshe. Mace ce ta haihu lafiya a ɗakinta, a Mamudo, 'yar tafiya kaɗan daga Potiskum a kan hanyar Damaturu. An yanka ragon suna, 'yan barka sun watse, jariri yana shan nono yana ƙiba. Uwar ba ta zubar da jinin da ya wuce kima ba, ba ta yi zazzaɓi ba. Sai ga shi tun ba a yi arba'in ba ta daina kwanciya. Barcin tana jin sa, amma da zarar bayanta ya taɓa katifa sai numfashi ya tokare mata a wuya, ta zabura ta tashi zaune. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta dafa bango ta huta. Wani abu yana sace mata numfashi, kuma duk gidan ba wanda ya ga shigarsa.

Ba zan kira suna ba, domin ba mace ɗaya ba ce. Duk malamin asibitin da ya daɗe yana aiki a Arewa ya ga irinta. Mu dai mu bi sawu. Kayan aikinmu guda ɗaya ne, abin sauraren ƙirjin nan da likita ke ratayawa a wuya, mai bututun roba da ɗan faifan ƙarfe. Amma kafin a kai gare shi, mutanen gida sun riga sun kama wanda suke zargi.

Uwar miji ce ta fara yanke hukunci. "Ai na faɗa, ruwan wankan nan ba ya tafasa yadda ya kamata. Sanyi ne ya shige ta." Aka ƙara itace a murhu, aka karyo ganyen darbejiya, ana fyaɗa mata tafasasshen ruwa safe da yamma. Aka dama kunun kanwa mai kauri, ta shanye kwano guda. Inna ba mugunta take yi ba. Abin da aka yi mata ke nan a nata jegon, ta kuma tashi garau. Sai dai bayan 'yan kwanaki kumburin da ke idon sawu ya haura gwiwa. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Maigida kuwa tari ya ji. Tari ne busasshe, wanda ba ya tasowa sai dare ya yi nisa. Ya biya kemis ya sayo maganin tari na kwalba da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta. Kwalba ta ƙare, tari bai ƙare ba. Wata maƙwabciya ta rage murya ta ambaci iska, aka yi turare, aka yi tofi. Ranar da ta yi kaki aka ga kumfa da ɗan jirwayen ja a ciki, ranar ce aka nemo Keke Napep.

A asibiti, malamin ya gaida tsohuwa tukuna. "Sannu Inna, ku zauna. Yaushe ta haihu?"

"Mako huɗu ke nan, Likita."

Ya juya ga mai jego. "Malama, da matashi nawa kike kwana?"

"Biyu. Wani daren ma a zaune nake wayar gari."

Bai ce komai ba. Ya zare abin sauraren daga wuyansa.

Kunya ce ta haifi wannan na'ura. A 1816 wata matashiya mai alamun ciwon zuciya ta zo wurin Rene Laennec, likita a asibitin Necker na birnin Faris. A zamanin, in likita zai saurari ƙirji, kunnensa yake mannawa a jikin majiyyaci. Laennec ya ga hakan bai dace da mace ba, sai ya naɗe takarda ta zama bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa, ya ji bugun ya fito fes fiye da yadda ya saba ji. Daga nan ya sassaƙa na katako, ya fitar da littafinsa a 1819. Mai kunne biyu irin wanda ya bazu a duniya, George Cammann ne ya gyara shi a New York a 1852. To, ga shi yau a bayan mai jegonmu, kuma masu laifi uku suna jiran a tantance su.

Na farko tarin fuka. Shi ne kowa ke tsoro in an ga jini a kaki. Tarin fuka ya fi son saman huhu, can ƙarƙashin ƙashin wuya, kuma yakan zo da zufar dare da zazzaɓin yamma da ramar da ke cin mutum sannu a hankali. Malam ya ɗora faifan a sama, dama da hagu. "Ja numfashi ta baki. Saki." Iska tana shiga tana fita sumul. Kunne kaɗai ba ya wanke tarin fuka, don haka za a tura kaki gwajin GeneXpert. Amma ba zufa, ba zazzaɓi, kuma tarin fuka bai saba hana mutum kwanciya a miƙe ba. A ajiye shi gefe.

Na biyu asma. Ita ba ta iya ɓuya, fito take yi. In hanyoyin iska sun tsuke, mai saurare zai ji wani siririn kuka lokacin da numfashi ke fita, a ko'ina cikin ƙirji. Matar nan ba ta taɓa yin asma ba tun tana yarinya, kuma fiton da ake nema bai bayyana ba. A sallame ta.

Na uku namoniya, wadda ake kira sanyin haƙarƙari. Wannan kam ya yi kama da mai laifi. Yana kawo tari, yana kawo haki. Amma galibi gefe ɗaya yake kamawa, ya zo da zazzaɓi mai zafi da suka a haƙarƙari, kuma in likita ya ɗora yatsa a wurin ya ƙwanƙwasa, sai ya ji amon ya mutu. Malam ya ƙwanƙwasa. Ya saurara. Ya gangaro tsakiyar baya. Lafiya lau. Ya ƙara gangarowa, har ƙasan haƙarƙari. Nan ya tsaya.

Akwai wani abu.

In kana son jin abin da ya ji, kamo 'yan silin gashi kusa da kunnenka ka murza su tsakanin yatsu biyu. Wannan ƙaramin ƙas-ƙas ɗin shi ne. Yana fitowa a ƙarshen jan numfashi. Malam ya ce ta yi tari, ya sake saurare. Bai gushe ba, ke nan ba majina ba ce. Ya koma ɗaya gefen. Ga shi nan ma, daidai wa daida. Namoniya ba ta cika raba kanta biyu haka ba. Abin da ke kwanciya a ƙasan huhu biyu a lokaci guda, yana neman gangare, ruwa ne. Matar nan nutsewa take yi a hankali, a kan tudu. Tambaya ita ce, wa ya buɗe wa ruwan hanya?

A Yobe, in aka ce ruwa da kumburi, hankalin kowa ƙoda yake tafiya, saboda abin da aka sani na yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da garuruwan bakin kogin Yobe. Zargi ne mai tushe. Amma kumburin ƙoda yakan nuna kansa a fuska da sassafe, idanu su yi luhu-luhu. Nata daga ƙafa ya faro yana hawa. Aka tsoma tsinken gwaji a fitsari, bai nuna abin tayar da hankali ba. Sai ƙarancin jini, abokin tafiyar masu jego. Malam ya ja fatar idonta ƙasa. Ta ɗan yi fari, gaskiya ne, amma ba farin da zai zaunar da mace tsakar dare ba. Masu laifi sun ƙare. Saura wuri ɗaya da ba a shiga ba.

Ya kishingiɗar da ita, ba a kwance sosai ba, ya juya fuskarta gefe. Jijiyar wuya ta cika ta miƙe har kusan muƙamuƙi. Da izininta, Inna tana zaune, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin nonon hagu, inda ƙarshen zuciya ke taɓa ƙirji. Ba ya nan. Ya matsa wajen hammata. Can ya same shi. Zuciyar ta bar mazauninta, wato ta yi girma.

"Juya ta hagunki, Malama. Inna, a ɗan fita da jaririn."

Aka kashe fanka. Ya juya kan na'urar zuwa ƙaramin gefen mai kama da ƙoƙo, wanda ke kama amo mai zurfi. Ya ɗora shi a hankali, bai danna ba. Ya rufe ido.

Lafiyayyar zuciya amo biyu take yi. Na farko lokacin da ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa suka rufe. Na biyu lokacin da ƙofofin manyan jijiyoyin fita suka rufe. Dum, tak. Sai hutu. Dum, tak.

Ya ƙirga. Ɗaya. Biyu.

Uku.

Ya sake ƙirgawa. Dum, tak, dum. Na ukun can ƙasa yake, da ƙyar ake kamo shi, yana biye da na biyu a guje. Kuma zuciyar sauri take yi, fiye da bugu 100 a minti. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Fika a Potiskum ya san wannan kiɗan na kofato, lokacin da mahayi ya saki linzami. Likitoci ma sukuwar doki suke kiran sa, tun da likitan Faransa Pierre Potain ya yi cikakken bayaninsa a shekarun 1870. Ga ɓarawon nan. Ba a huhu yake ba, ba a ƙoda ba. Naman zuciyar ne da kansa ya gaza.

Mu tsaya a nan mu dube shi da kyau, domin shi kaɗai ne ya amsa kowace tambaya. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai tura jini zuwa ga dukkan jiki. A lafiyayyen mutum, duk matsawa ɗaya yana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa, kamar kashi 55 zuwa 70 cikin 100. A wannan ciwo da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, naman ya saki, ɗakin ya buɗe, abin da yake fitarwa ya faɗi ƙasa da kashi 45, wani lokaci ma bai kai 30 ba. Sauran jinin yana nan kwance. Da ƙofa ta buɗe sabon jini ya kwararo daga sama, sai ya ci karo da wanda bai fita ba, cikin bangon da ya riga ya miƙe iyakarsa, ya tsaya cak. Girgizar wannan tsayawar ita ce amo na uku.

Daga nan komai ya warware. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya yi cunkoso a baya, kuma bayan ɗakin hagu huhu ne. Matsi ya yi yawa, ruwa ya tsattsafo cikin ƙananan aljihunan iska. Ƙas-ƙas ɗin da Malam ya ji, ƙarar buɗewarsu ce in iska ta tura. Kumfa mai jirwayen ja daga nan ta fito. In ta miƙe a katifa, ruwan da ya taru a ƙafafu da rana sai ya komo ƙirji, shi ya sa dare ya zame mata abokin gaba. Ita kuma ƙoda, da ta ji jinin da ke iso ta ya ragu, sai ta riƙe gishiri da ruwa, kumburi ya ƙaru. Ƙoda ba ta yi laifi ba, umarnin da ta samu ta bi. Sai dai a lura, ana iya jin amo na uku a ƙirjin yaro lafiyayye, har da mai ciki lafiyayya. Abin da ya ba shi nauyi a nan shi ne shaidun da suka taru tare da shi. Tabbacin ƙarshe kuwa sai an yi hoton zuciya a babban asibiti, an ga ɗakin da ido yana motsi da ƙyar.

An kama ɓarawo. Amma wa ya aiko shi? Me zai sa zuciyar mace mai ƙuruciya, wadda ba ta taɓa ciwo ba, ta saki haka? A Japan ana samun wannan ciwo a kusan haihuwa 1 cikin 20,000. A Haiti kusan 1 cikin 300. A ƙasar Hausa fa?

Zariya ce ta fara ba duniya amsa. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Ƙiyasin da ya fito daga Zariya ya girgiza masana: kusan haihuwa 1 cikin 100. A Sakkwato, binciken Simeon Isezuo da abokin aikinsa a 2007 ya samu 1 cikin 102. Likitocin Zariya sun duba al'adun matan, suka ga wankan jego, suka ga gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, suka ga kunun kanwa. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki ya riƙe ruwa. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya ƙara wa zuciya aiki. Shekaru da dama wannan bayani yana cikin littattafan koyon likitanci, kuma ka tuna yadda kumburin mai jegonmu ya haura gwiwa bayan an ƙara mata kanwa. Shari'a ta ƙare ke nan?

Ba ta ƙare ba. Kano ta ɗaukaka ƙara.

Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitoci 22 na Najeriya, aka buga shi a 2020. Sun tattara mata 406 masu ciwon, suka kwatanta su da masu jego 99 lafiyayyu. Yawan ciwon bai ragu ba, a Kano an samu 1 cikin 96. Amma da aka zo kan wanka da kunu, sai lissafi ya ƙi nuna su a matsayin sanadi. Lafiyayyun ma suna wankan, suna shan kunun. Abin da ya bambanta masu ciwon daban ne: rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin da ke zuwa da ciki. Wato talauci da ciki marar kulawa. Da aka ci gaba da bibiyar matan, kusan 1 cikin 5 ta rasu cikin kimanin shekara ɗaya da rabi. Wannan adadin shi ke hana ni sakewa. Mata ne masu goyo.

Akwai wasu sawun guda biyu. A Yamai, tun 1992, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun gano cewa jinin masu wannan ciwo yana da ƙarancin seleniyam, sinadarin da jiki ke samu daga abinci, wanda ke cikin masu kare naman zuciya daga lalacewa. Binciken Kano na 2015 ya sake samun haka. A Jamus kuma, a 2007, Denise Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta sun nuna cewa in wannan kariya ta yi rauni, sinadarin da ke kawo ruwan nono yakan tsage, guntunsa ya zama guba ga ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Ka haɗa su ka gani: jikin da bai ƙoshi ba, cikin da ya ƙara yawan jini da kusan rabi, hawan jinin da ba a auna ba, sai sinadarin jego ya zo ya ƙarasa. Wannan ba dalilin yaye jariri ba ne. Hukuncin nono na likita ne, ba na maƙwabta ba.

Kanwa fa? A ganina an wanke ta daga laifin kisa, ba a wanke ta daga taimakon mai laifi ba. Zuciyar da ta riga ta gaza, duk abin da zai ƙara tara ruwa a jiki nauyi ne a kanta. Shi ya sa abu na farko da za a faɗa wa Inna shi ne a sauke tukunyar kanwa, a rage gishiri, a sassauta zafin ruwa. Sai maganin sa fitsari ya kwashe ruwan huhu, sai magungunan da ke rage wa zuciya aiki su ba ta damar farfaɗowa. Mata da yawa suna samun sauƙi cikin watanni, wasu zuciyarsu takan koma daidai.

A 2024 mujallar Nature Medicine ta buga wani gwaji da Dakta Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo na Amurka ta jagoranta a asibitoci 6 na Najeriya, a kan mata fiye da 1,000 masu ciki da masu jego. An yi amfani da abin sauraren ƙirji na zamani, mai naɗar amon zuciya da motsin lantarkinta, ƙirƙirarriyar basira tana tantancewa. Ya gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda duba na yau da kullum ya gano. Ina fatan ganin ranar da irinsa zai iso Mamudo da sauran ƙauyukan Potiskum. Amma na roba da ƙarfe ma yana jin sukuwar, in kunnen ya samu horo, in an yi shiru a ɗakin, in kuma mai jegon ta zo. Matsalar ke nan. Al'ada ta zaunar da ita a ɗaki kwana arba'in, daidai lokacin da ciwon ya fi bayyana, kuma in an fito da ita rigakafin jariri, jaririn ake dubawa.

Malaman asibiti da ungozomomi, in mai jego ta kawo yaro allura, a tambaye ta numfashinta, a danna ƙafarta, a ɗora mata abin saurare a ƙasan baya da ƙarƙashin nonon hagu. Iyayenmu mata, haki da kumburi bayan haihuwa ba na jira a gama wanka ba ne, na asibiti ne a ranar. Kai kuma maigida, in an tabbatar matarka tana da wannan ciwo, sauran aikin a hannunka yake: ta ci gaba da shan magani ko da ta ji sauƙi, kuma kada a sake ɗaukar wani ciki sai an maimaita hoton zuciya likita ya ce ta koma daidai.